Faifan Baba da Allurar Keken Ɗinki

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato ba a kai ga yanke mana Kebbi ba, na taɓa sayar da keken hawana na sayi faifan garmaho guda ɗaya tak. Ba ni da garmaho a lokacin, ban kuma san inda zan samu ba. Duk wanda na ba wannan labari da dariya yake farawa, kuma ban hana ku taku ba. Ni dai har yau ban samu bakin yin tawa ba.

Saboda yaranmu da suka buɗe ido da waya a hannu, bari in ɗan yi bayani. Faifai wani baƙin abu ne zagayayye, fale-fale, mai siraran layuka a jiki, kuma a cikin layukan nan sautin yake. Garmaho shi ne akwatin da ake ɗora faifan a kai yana juyawa, a sauke masa allura ta riƙa bin layin, sai ka ji kiɗa da waƙa suna fitowa. In ba garmaho, faifai bai kai murfin tukunya amfani ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan amshi ne a ƙungiyar wani makaɗin noma na garin Maruda, kusa da Gwandu. Da damina in an yi gayya, su ne ke bin manoma da ganguna suna zuga su har a gama gonar. Kun san garinmu Gwandu garin malamai ne, don haka mun sha "ɗan maroƙi" a bakin tsaranmu har muka saba. Bai taɓa zama shugaban kiɗa ba, bai kuma nema ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a baya tare da wasu mutum uku, in maigida ya yi waƙa su karɓa.

Ina ƙarami wasu mutane suka zo daga birni da mota suka kwashe su, aka je aka ɗauki waƙoƙinsu biyu a faifai, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ana cikin ɗaukar ta bayan tari ya sarƙe maigidansu, ga shi kuma an gargaɗe su cewa in an fara ba a tsayawa. Sai ya yi wa mahaifina alama da hannu. Mahaifina ya matso ya riƙe waƙar, ya yi baiti guda nasa na kansa, wanda ya zo masa a baki nan take, kafin maigidan ya samu numfashi ya karɓe abinsa. Wannan baitin kaɗai ne wurin da aka taɓa ɗaukar muryarsa shi ɗaya.

Abin da suka samu a tafiyar shi ne riga ɗai-ɗai. Faifan kuwa ba a ba ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ina tuna ranar da ya dawo, mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, ya tsaya a kanta da sabuwar rigarsa yana murmushi.

"Na hwa saka ki cikin faifai," ya ce.

Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Mi kac ce?"

"Ba ni hwaɗi. Sai ran da kinka ji da kunnenki."

Haka yake da tsokana. Ta yi juyin duniya ya ƙi faɗa, shi a ganinsa wata rana zai sayi faifan da garmahon ya ajiye a gabanta. Mutumin da gero bai cika kai shi kaka ba, ina shi ina garmaho? Bayan 'yan shekaru ciwon ciki na kwana uku ya ɗauke shi. Maigidansu ma ya bi shi. Na tambayi 'yan amshin da suka rage, suka ce su hankalinsu na kan mai tari a lokacin, ba su riƙe ko kalma ɗaya ba.

Na girma na zama tela, na samu ɗan shago kusa da kasuwar Gwandu. Ni ne auta, don haka Inna a hannuna ta zauna. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana son jin faifan nan ba, kun san kunyar iyayenmu. Amma duk ranar da rediyo ya sa kiɗan noma, sai ka ga ta ajiye abin da ke hannunta ta matso da kai. In ta saurara kaɗan sai ta ce, "Ba su ba na," ta koma aikinta. A wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin kunnenta na hagu ya mutu gaba ɗaya, na daman ma sai an ɗaga murya. Na kai ta asibiti aka ɗiga mata magani, aka ce tsufa ne, a yi haƙuri.

Ina da aboki tun na ƙuruciya da ya koma Kalgo yana gyaran rediyo. Ya san labarin faifan, don na dame shi da shi. Wata rana ya aiko mini direba da saƙo cewa in zo maza, ya ga wani abu.

Abin da ya gani wani dattijo ne da a da yake yawon gidajen biki da garmaho da lasifika. Kaset ya zo ya kashe masa sana'a, garmahon ya lalace ya sayar da shi, ya rage masa faifai cike da akwati. Da na ce muku lokacin kowa ya koma kaset, za ku ɗauka faifai ya zama banza a kasuwa. Ba haka ba ne. An daina bugawa, na waje ya daina shigowa saboda Naira ta fara zubewa, sannan wasu baƙi sun taɓa zuwa sun zaɓi na gargajiya sun biya shi da tsoka. Tun daga ranar dattijon nan yake kallon akwatinsa kamar rumbun gero a shekarar fari.

A hanya abokina ya ja mini kunne. "In ka gane shi kak ka nuna. Ka ɗauki uku ko huɗu ka taya, kamar ba ka damu ba."

Na ce masa ni da nake ciniki da matan Gwandu a kan kuɗin ɗinki, shi zai koya mini kasuwa?

Muka zauna a zauren dattijon, ya buɗe akwati, na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Can wajen ƙasa na ga ƙaramin faifai a cikin yagaggiyar takarda, da sunan makaɗin Maruda a tsakiya. Na zaro shi. Kafin in ankara bakina ya riga hankalina.

"Wallahi shi na! Muryar babana na ciki!"

Abokina ya taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Dattijon ya miƙo hannu a hankali ya karɓe faifan, ya hure shi, ya goge da hannun riga.

"Allahu akbar. Ashe ɗan gida na. To ai wanga ba na saidawa ba na, ɗana. Shi ɗai yar rage duk ƙasag ga."

Kun san ma'anar "ba na sayarwa ba ne" a bakin ɗan kasuwa. Muka yi ta fama har azahar. Kuɗin da ya tsaya a kai sun isa a sayi buhun gero biyu a wancan lokacin. Abokina ya yi masa magiya, ya ce maraya ne, tsohuwa ce za ta ji muryar mijinta. Dattijon ya ce ai shi ya sa ma ya rage kuɗin. Na tambaye shi ko ya tuna abin da ake faɗa a bayan faifan, ya ce shi kiɗa ya sani, ba ya sauraron surutun maroƙa. Ya faɗi haka a gabana, kuma na haɗiye, don abin da nake so yana hannunsa.

Na koma Gwandu na sayar da keken hawana ranar kasuwa, na dawo Kalgo na karɓi faifan. Da na miƙa wa Inna, ta goge hannuwanta a zane sau biyu kafin ta karɓa. Ta juya shi gaba da baya, ta kai shi kusa da ido kamar za ta hango mutum a ciki. Sannan ta ce, "Allah shi yi ma albarka, Auta." Ta naɗe shi a sabon kallabi ta sa a ƙasan adudun da take ajiye tufafinta na fita unguwa.

Daga nan aka shiga neman garmaho, kuma a nan na san Gwandu da girma take. Wanda aka ce yana da shi, in ka je sai ya ce ya ba yara sun yi wasa da shi. Wani ya nuna mini nasa, kaza na kwanci a ciki. A shagon abokina akwai wani ƙarami mai aiki da batir da wani ya kawo gyara bai dawo ba. Komai nasa lafiya, yana juyawa sumul, allurar ce kawai ta karye. Ita kuma ba irin wadda za ka samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba ce a lokacin. Abokina ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Anacha sautu, aka ce mu jira.

Ranar ce abokin nawa ya gaya mini maganar da ta kamata in rubuta a goshina. Ya ce garmaho iri biyu ne. Akwai na da, mai wani, wato wanda ake murɗa mariƙinsa da hannu kafin ya juya, wanda aka yi domin faifai masu kauri da nauyi, masu fashewa kamar kasko. Akwai kuma na baya-bayan nan, domin faifan roba mara nauyi irin nawa.

"Ko da wasa kak ka aza wanga bisa mai wani," ya ce. "Gudunsu ba ɗai ba na, kuma kan allurarshi nauyi gare shi. Ka yi haƙuri har tawa ta zo."

Na ce na ji. Da kunne na ji.

Akwai wani Alhaji a unguwarmu da kowa ya san yana da babban rediyo mai garmaho a falonsa, irin mai ƙafafu kamar kabad. Gonar mahaifinsa tana cikin gonakin da babana ya sha rana a cikinsu yana amshi. Na sa rigata mai kyau na je na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Ina kallon abin a bayansa, an lulluɓe shi da leshi an jera kwanonin tangaran a kai. Na ce ko sau ɗaya ne, in kawo tsohuwa ta ji mu tafi.

Ya ja carbi ya daɗe, sannan ya ce, "Ni na tuba da kiɗa tun da nid dawo Makka. Ba a sa shi gidana. Kai ma in kana son babanka da rahama, addu'a za ka yi mai, ba tono mashi zunubi ba."

Na ce to ya ara mini in kai gida. Ya ce ai wanda ya ba da aron tukunyar giya shi ma ya sha. Na tashi na fito. Abin bai hana shi ajiye garmahon a falo baƙi suna gani suna yaba arzikinsa ba, sai da ya mutu magada suka sayar wa masu gwangwan. Allah ya gafarta masa, amma na daɗe ban iya cewa amin da zuciya ɗaya ba.

Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku. Duk direban Kalgo da na tare sai ya ce abokina ya ce ba labari. Mai sautu ya je ya dawo ya ce ya manta, ya sake komawa ya ce bai samu irinta ba, sai wata tafiyar. Ana cikin haka Inna ta yi wata muguwar mura, da ta warke sai kunnen daman ya ƙara toshewa. Sai na sa bakina dab da kunnenta na yi ihu kafin ta gane. Wata safiya na yi sallama sau uku a bayanta ba ta juyo ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga cewa in na tsaya jiran Anacha, allura za ta zo ta tarar ba kunnen da zai ji.

A wannan halin wani mai kawo mini ɗinki ya ce ai akwai tsohon soja a Malisa da ke da garmaho. Da yake na sayar da keken hawana, a ƙafa na tafi. Tsohon ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ya san babana, ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Ina ganin mariƙin wani a gefensa na san irin wanda aka hana ni ne. Ya ce allurorinsa sun ƙare tun shekaru, ya nuna mini ɗan gwangwanin da suke zuwa a ciki, wayam. Sai guntuwa guda mai tsatsa.

Na ɗauki guntuwar na duba. Ƙarfe ne mai tsini, ba wani abu ba. Ni kuma a aljihuna akwai allurar keken ɗinki sabuwa, don tela ba ya rabuwa da ita. A nan shaiɗan ya zauna a kafaɗata. Na ce a raina, shekara goma sha ina cin abinci da allura, mai gyaran rediyo ne zai gaya mini abin da allura za ta iya? Na nemi filaya na datse ta daidai tsawon waccan, na zura a ramin na ɗaure.

Tsohon yana da faifai guda da ya rage masa, irin mai kaurin nan, gefensa a ɓalle. Muka yi wani muka ɗora. Jama'a, sai ga kiɗan badujala ya cika ɗakin tangaran! Tsoho ya miƙe yana fareti da sandarsa, yana cewa, "Kai yaro, kai injiniya na!" Wannan yabon shi ya ƙarasa ni. Na ɗauko garmahon a ka har Gwandu ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi.

Da a ce na gwada a ɗakina ni kaɗai, da wataƙila na tsaya tun a juyin farko. Amma ina! Sai da na gaya wa duk wanda na sani. Ranar Juma'a bayan la'asar gidanmu ya cika da matan maƙwabta da 'ya'yansu, har da waɗanda suka taɓa kiran mu 'ya'yan maroƙi, kuma su na fi so su zo. Inna ta yi wanka ta ɗaura zanenta na Sallah. Na shimfiɗa mata tabarma dab da akwatin, ta juyo kunnen dama ta kusan manna shi da bakin garmahon. Ita da kanta ta kwance kallabin ta miƙo mini faifan.

Ban ko bi ta kan gaban ba. Bayan na juya, inda baitin yake. Na yi wani, na yi bisimilla, na sauke allura.

Abin da ya fito ba zan manta da shi ba. Ganguna suka zama kamar ana kaɗa gwangwani da tsinke, muryoyin manyan maza suka koma tsiwar 'yan tsaki, suna gudu ba ko numfashi. Yara suka fashe da dariya, har wata ta faɗi tana birgima. Manyan suka sa gefen mayafi suna toshe baki. Na tura ɗan ƙarfen rage gudu har ƙarshe, bai yi wani tasiri ba. Sai na sa yatsa a gefen faifan ina danne shi don ya rage sauri. Muryar ta riƙa hawa tana sauka kamar kukan akuya. Can wajen ƙarshe na ji amshi ya ɗauke, murya guda ta rage ita kaɗai. Na san shi ne. Amma ko kalma ɗaya ba ta fita.

Na ɗaga allurar na mayar baya kaɗan na sake saukewa, ina danna kan da hannu wai don ta kama sosai. Na sake. Na kuma sakewa. Gumi na zuba, dariya na ƙaruwa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Ban san sau nawa na bi ta kan wurin nan ba. Sai da na lura da wani baƙin abu yana nannaɗewa a bakin allurar, kamar zaren da ke cukurkuɗewa a ƙarƙashin keken ɗinki. Na sa yatsa na shafo. Jikin faifan ne nake fiƙewa.

Inna ta ɗora hannunta a kan nawa. "Auta, ɗauke. Ya isa hakanan."

Ta juya ta dubi matan da ke zaune ta ce su yi haƙuri, an tashe su daga aiki a banza. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi faifan ta mayar cikin kallabi, ba ta ce mini ci kanka ba. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ba a yi sati uku ba direba ya tsaya a ƙofar shagona ya ce abokina ya ce albishir, allura ta iso.

Washegari abokina ya zo Gwandu da kansa, da ɗan garmahonsa a jaka da sababbin batura. Ban gaya masa komai ba. Da na ba shi faifan ya fita da shi haske ya karkata shi. Gaban baƙi wuluk yana ƙyalli. Bayan kuwa ya yi fari-fari kamar an goge shi da yashi. Ya daɗe yana kallo.

"Mi ka sa mai?"

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Allurar keke," a hankali, ya sake cewa, "Allurar keke," kamar mai karanta sunan mamaci.

Mu uku ne kawai a ɗakin Inna wannan karon. Ya ɗora gaban, wanda ban taɓa ba. Sauti ya fito garau, kamar mutanen suna tsakar gida. Ga ganguna, ga maigidansu, ga amshin mutum huɗu a haɗe. Ya ƙure ƙara, Inna ta manna kunnenta a jikin lasifikar ta rufe ido. Ni ban iya rarrabe muryar kowa a cikin amshin ba. Ita kuwa can sai na ga leɓenta na motsi.

"Ga shi nan," ta ce. "Shi na mai jan ƙarshe. Kullum sai ya riga su ɗauka ya bi su ajewa."

Hawaye na bin fuskarta tana murmushi. Da waƙar ta ƙare ta buɗe ido ta ce, "To, juya bayan."

Abokina ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya juya. Shuuu kawai kake ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano, da ɗan amon ganga can nesa. Da allurar ta iso wurin baitin sai ta zame fiii ta wuce har tsakiya, don babu layin da za ta bi. Ya gwada sau biyu, ya kashe.

Inna ta dube ni. "Ban ji ba. Kunnena na, ko? Ku kun ji? Mi yac ce?"

Ta ba ni ƙofa, ni kuma na shiga. Na ga kamar jinƙai ne in yi mata ƙarya. Na matsa bakina kusa da kunnenta na ɗaga murya na ce, "Cewa yay yi, tauraruwa cikin mata, hasken gidana, wadda ba ta da na biyu."

Ta kafe ni da ido. Ban taɓa jin kallo ya yi mini nauyi irin wannan ba.

"Babanka bai iya irin wagga magana ba," ta ce. "Shi in zai yabe ni, tsiya shi ka yi man."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce a kawo wa baƙo fura, ta fita ta duba awakinta. Daga ranar ba ta sake tambaya ba, ko an sa kiɗan noma a rediyo ba ta matsowa. Kafin shekara ta zagayo kunnen ya rufe gaba ɗaya. Damina biyu bayan haka ta rasu.

Na daɗe ina rarraba laifin nan kamar naman layya. Na ba mutanen da suka ɗauki muryar talaka suka sayar ba su ba shi ko faifai ɗaya ba. Na ba dattijon Kalgo da ya ga maraya ya ga kasuwa. Na ba Alhajin da ke da abin a falo ya hana minti uku. Har yau ban janye ko ɗaya ba, duk sun ci rabonsu. Da faifai da garmaho abin da talaka zai iya saye ne, da babana ya sa mata shi da hannunsa tun yana raye, suka yi dariyarsu suka gama. Amma in na gama rabon, kaso mafi girma a gabana yake rage. Shekara kusan ashirin baitin nan yana kwance lafiya a cikin akwatin wani baƙo da bai damu da shi ba. Sai da ya zo hannun ɗan mai shi ya mutu. An gaya mini, na ji, na ƙi, saboda ina tsoron lokaci kuma ina son a ce ni ne na yi. Sati uku kawai aka nema a wurina.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki shi ne, kwanan nan ɗana ya nuna mini a waya wai garmaho ya dawo yayi. Yaran birni suna saye suna ajiyewa a falo don ado, faifai ɗaya kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, allura kuma in ka yi oda kwana kaɗan ta iso har ƙofar gida. Ya ce ko ya saya mini. Na ce ya bar kuɗinsa. Ya taɓa kai faifan wurin masu aikin sauti da kwamfuta, suka duba suka ce su gyara suke yi, ba sa dawo da abin da aka kankare.

Faifan yana nan a cikin kallabinta, a ƙasan adudun. Har yanzu ina ɗinki kaɗan-kaɗan, kuma in allura ta karye yara nake sa wa su canza mini, suna ɗauka idona ne ya yi rauni. Na kan zauna in yi ta ƙoƙarin ƙirƙiro irin tsiyar da zai yi mata a gaban mutanen birni, ko a kan furarta ce, ko a kan saurin fushinta, amma ba ni da bakinsa. Addu'ata dai Allah ya haɗa su a inda kunne ba ya mutuwa, ta sake tambayarsa, wannan karon ya daina ja mata rai ya faɗa.